Masanin Tsuntsayen Gindin Famfo

In dai cika baki ake nema a layin nan, to ba sai an yi nisa ba, a je bencin ƙofar shagon Mai Aski a tambayi Akawu. Shekaru ya yi yana rubuta rasit a wani kamfanin motoci, har ranar da aka rage ma'aikata aka haɗa da shi. Aikin ya tafi, sunan ya zauna, bakin kuma ya ƙaru. Babu abin da bai sani ba. In an yi zancen jirgin sama ya san inda ake zuba masa mai, in an yi zancen ciwon baya ya fi likita. Amma inda ya fi ƙwarewa shi ne yi wa maza ba'a, musamman duk wanda aka kama yana taya matarsa aikin gida.

Wanda ya fi shan wuya a hannunsa shi ne Tela, maƙwabcinsa na jikin katanga. Laifin Tela guda ɗaya ne: wata rana an gan shi ɗauke da bahon wankin matarsa, da kumfa a gwiwar hannu. Tun daga ranar Akawu ya raɗa masa Tela Mai Kumfa, kuma bai taɓa bari sunan ya huce ba. Tela ya zo wucewa sai ka ji, "A ba shi hanya, kada shanya ta jiƙe!" Benci ya kwashe da dariya, Tela ya haɗiye ya wuce.

Abin da bencin bai sani ba shi ne, duk safiyar duniya, da zarar matar Akawu ta fita, sai ya danna wa ƙofar gida sakata, ya ɗaura tsohon zanenta a kan wando, ya tsuguna a gindin famfon tsakar gida ya hau wanke-wanke. Matar ungozoma ce a asibiti, da sassafe take fita. Da 'yarsu ta yi aure ta bar gari, sai ta zaunar da shi ta yi masa magana ɗaya.

"Baban yara, ba zan wuni ina karɓar 'ya'yan mutane in dawo in tarar da tukwane suna jirana ba, kai kuma kana benci kana auna mazan unguwa. Ko ka wanke, ko mu ci a hannu."

Ya yi tsalle, ya yi kumfar baki, ya kawo tarihin kakanninsa. Da yunwa ta yi masa bayani sai ya sauko, amma da sharaɗi: sai ta rantse ba za ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ta rantse tana dariya. Shi kuwa bai ga abin dariya ba, domin a ganinsa ranar da layin nan ya ji labari, ranar mutuncinsa ya ƙare.

Gaskiyar da ko shi ba ya son ji ita ce, hannunsa ya faɗa da aikin. Tukunyar da Akawu ya goge kana iya gyara hula a jikinta. Kuma ba shi kaɗai yake zama ba. Da ya fara kankare ƙanzo, ruwa ya fara gangarawa kwata da guntayen abinci, sai tsuntsaye su sauko daga bishiyar maƙwabta su cika katanga da igiyar shanya, suna ta surutu a kansa. Bai taɓa ɗaga kai ya dube su ba. Iyakarsa da su tsaki, ko ya watsa musu ruwan kumfa in sun ɓata masa shanya.

Ana nan, wata rana Mai Aski yana gyara masa gemu sai ya tsaya, ya shinshina, ya kama hannunsa ya juya.

"Akawu, wannan yatsun naka fa? Duk sun yamutse kamar na wanda ya kwana a ruwa. Ga ƙamshin sabulu."

Direba, wanda ke jiran layi, ya matso. "Ni ma dai ina so in tambaya. Kullum sai rana ta take kake fitowa. Mun buga ƙofa shiru. Me kake yi a ciki da sakata?"

Tela ya ajiye jaridar da ke hannunsa.

Daidai lokacin wani tsuntsu ya yi kuka a kan rufin shago, sai ƙarya ta zo wa Akawu da gudu.

"Bincike nake yi," in ji shi, ya gyara zama. "Ilimin muryar tsuntsaye. Ba na son a dame ni, shi ya sa nake rufe ƙofa. Duk tsuntsun da ya buɗe baki a tsakar gidana, ba sai na gan shi ba, zan gaya maka sunansa, mace ce ko namiji, ya ƙoshi ko da yunwa."

"To yatsun fa?" in ji Mai Aski.

"Raɓa ce. Mai bincike yana dafe da ganye tun asuba."

"Sabulun fa?"

"Tsuntsu ba ya son warin mutum. Kai da ka zo da wannan rigar taka, ko ungulu ba za ta sauka ba."

Aka yi dariya, Akawu ya ji ya tsallake. Da ya tsaya a nan da shi ke nan. Amma Akawu bai taɓa sanin inda ake tsayawa ba. Ya ce tsuntsayen gidansa sun fi na kowane gida a garin, har daga wasu ƙasashe suke zuwa gaishe shi. Ya ce ko ɗaure masa ido aka yi ba zai kuskure ko ɗaya ba.

Nan Tela ya yi magana, a hankali. "Ƙyalle dai ba ya yi mini wuya. Ranar Asabar zan zo da shi in ɗaure maka da hannuna. Kai ka faɗi suna, mu mu duba katanga."

"Ka zo da duk layin!" in ji Akawu. "Har da mata, su ga yadda ilimi yake."

Sai da ya koma gida ya rufe ƙofa sannan ya tuna cewa a duk tsuntsayen duniya, wanda ya tabbatar da kukansa zakara ne kawai.

Washegari ya fara karatu. Yana wanke-wanke yana kasa kunne. Wani ya yi ƙara siririya, ya ce a ransa wannan kanari ne. Wani ya yi mai kauri, ya ce wannan babban kanari ne. Ya lumshe ido yana bin wata murya da ke hawa tana sauka, ya manta famfo a buɗe. Da ya farka ruwa ya cika baho, ya haye dakali, ya shiga ɗaki, takalmansa na fita suna yawo a ƙarƙashin gado. Ya wuni yana matse darduma.

Rana ta gaba wanki ne. Ya rantse yau sai ya bambance mai cewa ƙyat-ƙyat da mai cewa cirr. Hankalinsa na kan igiya, hannunsa ya kwashi jar safarsa ya cusa cikin fararen kayan aikin matarsa, ya bar su suka jiƙu. Da ta dawo ta tarar da rigunan asibiti a shanye, duk sun koma ruwan hoda.

"Baban yara, mene ne wannan?"

"Ai yanzu haka ake yayi."

"A wane asibitin?"

"Ke ba ki gane ba. Ina tsakiyar wani muhimmin sauraro ne."

Ta dube shi, ta dubi rigunan. "To Allah ya sa tsuntsun ya san hanyar kasuwa, don shi zai sayo mini wasu."

Ya ga sauraro kaɗai ba zai kai shi ba, dole ya ga masu muryar da idonsa. Da safe wata murya mai daɗi ta tashi daga bayan katanga, ta gidan Tela. Akawu ya kife bokitin roba, ya hau, ya kama katanga ya leƙa. Bai ga tsuntsu ba. Matar Tela ya gani da ɗaurin ƙirji, tana wanke kai a gindin nasu famfon. Ta ɗago, suka haɗa ido.

"Innalillahi! Malam Akawu, me kake nema?"

"Tsuntsu," in ji shi, da muryar da ko shi bai yarda da ita ba.

Ta ɗauki kofin ruwan kumfa ta watsa masa a fuska. Ya yi baya, bokiti ya fashe, ƙafarsa ta shige ciki har ƙauri, ya zauna daɓas a cikin bahon kwanuka. Ƙarar ta kai bakin titi. Ya daɗe a zaune yana jin matar Tela tana faɗa ita kaɗai, tana cewa bari mai gidan ya dawo.

Duk da haka, da yamma ya je benci yana ɗingishi, ya ce wata irin shirwa ce ta kawo masa hari don ta ga ya kusa gano sirrinta. Tela yana gefe, fuskar nan a ɗaure.

Ranar Asabar Akawu ya tashi da aikin ɓoye shaida. Ya kwance igiyar shanya. Ya share kwata, ya zuba mata yashi har ta bushe ƙarau. Ya ɗaure bakin famfo da leda. Kwanukan daren jiya da tukwane ba su samu wanki ba, don ba lokaci, sai ya tara su a lungu da soso da sabulu, ya lulluɓe da tsohon zanin gado. Sannan ya yi wanka, ya saka babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya yi ɓarin turare, ya dasa kujera a tsakiyar gida ya hakimce.

Matarsa tana hutu ranar. Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a ƙofar kicin tana yanke farce.

"Ka kwashe igiya, ka busar da kwata," in ji ta. "Su baƙin naka a ina za su sauka, me za su ci?"

"Uwar yara, ki bar wa masana abin da ya shafi masana."

"Na bari."

Layin kuwa ya amsa gayyata. Maza suka jeru a jikin bango, mata suka taru wajen kicin, har da waɗanda ko gaisawa ba sa yi da gidan. Tela ya zo da ƙyalle baƙi mai kauri, ya ɗaure idon Akawu, ya ja ƙulli har sai da ya ce wash.

"Kowa ya yi shiru," in ji Akawu. "Yanzu za su zo gaisuwa."

Aka yi shiru. Katanga fayau. Sama fayau. Ko ƙuda bai gifta ba. Aka jima, wani ya yi tari, wata ta ce ta bar girki a wuta.

"Akawu, ko sun tafi ƙasashen nasu ne?" in ji Mai Aski.

"Warin rigarka ne. Na gaya maka."

Direba ya gaji da tsayuwa, ya fara yin fito da bakinsa a hankali, irin wanda yake yi in yana jiran fasinja. Akawu ya daka tsalle a kujera ya ɗaga yatsa.

"Tsit! Kun ji? Kanari ce. Mace. Ba ta daɗe da yin ƙwai ba."

Gidan ya ɗauka. Mai Aski ya dafa cikin Direba yana tambayarsa ƙwai nawa ya saka. Direba ya ce shi dai a taya shi da addu'a, jego ba wasa ba.

"Gwada ku nake!" Akawu ya daka tsawa. "Ina so in ga ko kuna biye da ni. Uwar yara, kawo hatsi a watsa."

Ta kawo, aka watsa. Nan take aka ji motsi, amma ba daga sama ba. Kajin maƙwabta ne suka shigo ta ramin kwata, ɗaya bayan ɗaya, suka cika tsakar gida suna tsattsaga. Akawu ya ji kukan fuka-fukai ya washe baki.

"Ga su nan! Wannan mai ƙoƙ-ƙoƙ ɗin fakara ce, daga dawa ta zo. Ba ta sauka a gidan kowa sai nawa."

"Kazata ce," in ji wata tsohuwa daga cikin mata. "Kuma in ta ɓata kai zan tambaya."

Wani zakara ya hango ƙwayar hatsi a cinyar Akawu, ya yi tsalle ya haye, ya ci, ya bar masa tukwici a kan aikin babbar riga, ya sauka. Mutane suka riƙe ciki. Wani yaro ya faɗi ƙasa don dariya, uwarsa ta ɗauke shi ita ma tana hawaye.

Tela kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya tako tsakiyar fili, ya fizge ƙyallen daga idon Akawu.

"Wasa ya ƙare. Jama'a, ku shaida. Mun tsaya tun ɗazu, ko tsuntsu ɗaya babu a gidan nan. Shekaranjiya iyalina tana wanke kai, ta ɗaga ido ta ga mutumin nan a kan katangata. Ya ce tsuntsu yake nema. To ina tsuntsun? In babu tsuntsu, me kake leƙe? Me kake yi kullum da safe in ka rufe ƙofa, bayan mazan layi sun fita?"

Dariya ta ɗauke kamar an kashe rediyo. Mazan da ke da katanga kusa da ta Akawu suka fara duban juna. Direba ya ce shi ma tagar ɗakinsa ta wannan gefen take. Akawu ya waiwaya wajen matarsa da idon neman ceto.

"Ke ki gaya musu ni ba haka nake ba!"

Ta hure farcenta, ta ce, "Ni dai na san abin da yake yi in ya rufe ƙofa. Amma ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba."

Mata suka ɗauki salati. Tsohuwa mai kaza ta ce ita dama idonsa bai taɓa kwanta mata ba. Tela ya fara naɗe hannun riga.

A nan ne Akawu ya tuna maganar da ta yi masa da safe, ya gane abin da ke kawo tsuntsayen. Ya dubi lungun da zanin gado ya rufe. Ya dubi hannun Tela. Ya auna sunan mai wanke-wanke da sunan mai leƙen matan mutane, ya ga duka biyun ba sa shiga benci, amma ɗaya har da duka. Sai dai ko a bakin rami, Akawu bai fasa neman hanyar da zai fita da hularsa a kai ba.

"Kun matsa sai na fito da sirrin masana," in ji shi. "Akwai wata dabara ta kiran tsuntsu da ƙarfe. A littattafan waje take. Uwar yara, ara mini ɗaya daga cikin abubuwan nan naku na mata. Me kuke kiransa? Tukunya."

Ya zaro tukunyar daga ƙarƙashin zani da yatsa biyu, yana yamutsa fuska. "Ta ina ake riƙe ta?" Ya ɗauki cokali ya ɗan ƙwanƙwasa gefenta. Shiru. Ya sake. Ko gashin tsuntsu bai faɗo ba.

"Ina jira," in ji Tela.

"Ba su gane ka ba ne a wannan rigar," in ji matarsa, ta cillo masa tsohon zanenta.

Akawu bai yi shawara da kansa ba. Hannu ne ya cafe zanen a sama, ya tattare babbar riga, ya zagaya ƙugu, ya soke, duk a motsi ɗaya. Mata suka dubi juna, domin ko a cikinsu ba kowa ke ɗaura zane da wannan saurin ba. Ya tsinke ledar famfo, ya ture yashin kwata da ƙafa, ya tsuguna, ya kafa tukunya tsakanin gwiwoyi, ya juya cokali ta baya ya fara kankara. Ƙarr, ƙarr, ƙarr, ya juya ta, ƙarr, ƙarr. Ruwa ya gangara da ƙanzo.

Sai ga inuwa ta gifta. Ɗaya ya sauka a katanga. Biyu suka biyo. Kafin a ce wani abu bishiyar maƙwabta ta zazzago, katanga ta cika maƙil, ƙanana da manya, masu ja da masu rawaya, wasu suka diro har gindin famfo suna tsalle a gefen ƙafarsa. Gidan ya kaure da kuka. Har Tela sai da ya saki baki, hannun rigarsa ya warware da kansa.

"To ga tsuntsu," in ji matar Tela a hankali. "Wannan kam gaskiyarsa ce."

Mai hankali da ya tsaya nan ya yi godiya. Akawu ya ji iska ta dawo masa.

"Kun gani? Kun gani da idonku? Tela, mayar da ƙyallenka! Yau sai kun san da wa kuke zama a layin nan."

Tela ya mayar. Akawu yana tsugune, ido a ɗaure, hannu yana ta aiki da soso ba tare da ya sani ba. Wani tsuntsu ya yi guu-guu a kan katanga.

"Mujiya!"

"Da rana tsaka? Kurciya ce," in ji Mai Aski.

Wani ya yi ƙara mai kaushi daga saman rufi.

"Agwagwa!"

"A kan rufi? Hankaka ne, ga farin ƙirjinsa."

Wasu 'yan rawaya suka ɓarke da surutu.

"Aku ne. Guda uku. Ɗaya yana mura."

"Marai ne, sun fi ashirin!" mutane suka amsa baki ɗaya.

Wani ya yi ciyu-ciyu a daidai ƙafarsa. Akawu ya yi dogon tunani, ya ce wannan kam ko a mafarki ya san shi, kanari ne na asali. Tsohuwa ta ce ɗan tsakon kazarta ne, kuma ya janye ƙafa kada ya taka mata shi.

Tela yana ja da baya don dariya sai ya taka gefen zanin gadon nan. Zani ya zame, wani abu ya gangaro ya faɗi a siminti, ya yi ta juyi yana ƙara.

"Kai! Wa ya yar da murfin tukunyar miya?" Akawu ya daka tsawa, ido a ɗaure. "Hannunsa dama rawa yake!"

Tela ya sunkuya ya ɗauka. Murfin tukunya ne kuwa, hannun murfin yana rawa. Ya dubi matarsa. Matar Tela ta taso a hankali, ta zari cokali daga cikin tarin, ta ƙwanƙwasa wani abu.

"Malam Akawu, wannan fa?"

"Butar shayi. Ta lotsa ta gefe."

"Daidai!" in ji mata.

Tun safe Akawu bai ji wannan kalmar ba. Ta shige shi har ƙashi. Ya gyara tsugunno, ya karkata kunne.

Ƙwal.

"Kasko. Wannan sai an jiƙa shi tukuna, in ka sa masa ƙarfi ka cire masa fuska."

"Daidai!"

Ƙwas.

"Kofin tangaran mai tsaga. Ki bi shi a hankali, ta nan yake yanka yatsa."

"Daidai!"

Tin.

"Ƙaramin kwanon silba. Su biyu ne iri ɗaya, amma wannan shi ne mai tabon ƙuna a gindi. Na yi na yi ya ƙi fita, har toka na gwada."

"Daidai!"

Haka aka bi tarin nan kaf, har ludayi da matacin shayi, bai kuskure ko ɗaya ba. Yana faɗa yana ƙara bayani, wanne ke son ruwan zafi, wanne ke riƙe maiƙo, wanne ake fara wankewa don kada kumfa ta mutu. Da aka gama ya buɗe hannuwa yana jiran tafi.

"To? Akwai mai irin kunnen nan a garin nan?"

Ba wanda ya tafa. Shirun ya yi masa wani iri. Ya sa hannu mai kumfa ya janye ƙyallen. Ya ga kansa a tsugune, da zanen mace a ƙugu, kumfa har gwiwar hannu, ga tukunya tana ƙyalli a gabansa. Ya ga mazan layi sun yi cirko-cirko. Ya ga matan, su kuma ba shi suke kallo ba, kowacce mijinta take kallo.

Tela ya tsuguna a gabansa, ya ɗauki tukunyar, ya duba fuskarsa a jiki, ya gyara hula.

"Akawu," in ji shi, "tsuntsu dai ba ka san ko ɗaya ba. Amma wallahi tukunya ta fita. Ni baho kawai na ɗauka aka ba ni suna. Kai kuma me za mu kira ka?"

Matarsa ta miƙe ta karkaɗe zane.

"Ku shaida ban faɗa ba," in ji ta. "Baban yara, tunda ka fara, ƙarasa sauran."

Abin bai tsaya a dariya ba. Kafin sati ya zagayo, duk gidan da ka wuce da safe a layin nan sai ka ji ana kankarar tukunya, kuma ba hannun mace ba ne. Matar Direba ta ce in Akawu da bakinsa zai iya, ba ta ga wanda zai gagara ba. Matar Mai Aski ta saya wa mijinta soso sabo. Tsuntsayen ma suka rarrabu gida-gida, tunda abinci ya yawaita, suka bar wa Akawu kurciya ɗaya gurguwa.

Ya daɗe bai leƙa benci ba. Ranar da ya yi ƙarfin hali ya je, ya yi sallama, aka amsa masa a daƙile. Direba ya ɓoye yatsunsa a aljihu ya kau da kai. Ba wanda ya matsa masa sai Tela, shi ne ya janye jarida ya ba shi gefe. Shagon a rufe yake, mai shi bai fito ba tukuna. Daga cikin gidan Mai Aski da ke bayan shagon ana jin wani ƙarfe yana kuka, ƙiii, ƙiii.

Tela ya karkata kai. "Masani, wannan wane tsuntsu ne?"

Akawu ya yi niyyar yin shiru, Allah ya sani ya yi niyya. Ya cije leɓe, ya dubi ƙasa. Ƙarfen ya sake yin ƙiii.

"Kasko ne," in ji shi. "Kuma da wuƙa yake kankara, sakaran. Zai lalata mata shi."